Yadda nake nuna wa ɗalibai abin da iska ke yi wa sodiyam

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da kemistiri a sakandare, kuma babu darasin da ke sa aji ya yi tsit kamar ranar yanka sodiyam, wani ƙarfe mai taushi da ake adanawa a kwalba cikin kananzir.

Kafin ka taɓa kwalbar, goge teburi ya bushe ƙarau. Sa tabarau, ka ajiye bokitin busasshen yashi a gefenka. Ruwa kuwa, ko kofin shanka ne, kai shi nesa, don sodiyam na iya kamawa da wuta in ya haɗu da ruwa. Ciro guntu daga cikin kananzir da hantsaki, kada ya wuce ƙwayar wake, ka ɗora a kan tayil, ka tsane man da takardar tacewa. Ban da taɓawa da hannu, gumin yatsa kaɗai ya isa ya sa ya ƙona ka.

Tara yaran tun kafin ka sa wuƙa. Tana shiga kamar a sabulu mai taushi, wurin yankan ya yi ƙyalli kamar azurfa, cikin 'yan daƙiƙoƙi kuma ya dusashe ya koma toka-toka. Oksijin ce ta kama shi: 4Na + O₂ → 2Na₂O.

Malamai da yawa nan suke tsayawa, alhali yanzu aka fara. Yanki ɗan ƙanƙani kamar ƙwayar gero, ka bar shi a busasshen faranti inda yara ba sa kaiwa. Danshin iska zai mai da shi NaOH, sodar nan da mata masu haɗa sabulu ke saya, ita kuma mayyar ruwa ce, tana zuƙarsa har ta jiƙe. Taɓa ta da jar takardar litmas, nan take za ta koma shuɗiya. Bayan 'yan kwanaki iskar CO₂, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ta shiga, sai ka tarar da farin ɓawo, Na₂CO₃, ɗan'uwan kanwar da ake jefawa a wake. Da damina ka fi ganin jiƙewar da wuri, da hunturu sai ka yi haƙuri.

Ragowar babban guntun a mai da shi kananzir. Ɓurɓushin kan wuƙa da tayil kuma ka zuba su kaɗan-kaɗan cikin etanol, wato barasar ɗakin gwaji, har kumfa ta daina fita. Shekarata ta farko na cusa takardar da na tsane man a kwandon shara, ashe akwai ɓurɓushi a jikinta, akwai kuma jiƙaƙƙen tsumma a ciki. Ina tsaka da rubutu a allo wata ɗaliba ta ce, "Malam, kwando na hayaƙi."