Katin da ke sa kyamara ta sare maka ana tsakiyar sukuwa

Duk mai hoton da ya taɓa ɗaukar Hawan Daushe ya san wannan takaicin. Mahaya sun taso a guje za su yi jafi, ka danne maɓalli, kyamara tana ta zubo hotuna, sai can ta fara tsinkewa, 'yar jar fitilar bayanta ta kama ƙyaftawa. Kafin ta farfaɗo doki ya wuce, ƙura ta lafa. Sau da yawa katin memori, wanda kyamara ke ajiye hotuna a ciki, shi ne ya ja maka.

Kyamara tana fara tara hotuna a wani ɗan rumbu na cikinta da ake kira bafa, daga nan take juye su a kati. Hoton RAW, wato ɗanyen hoton da ba a sarrafa ba, na kyamara mai megafiksel 24 yakan kai megabayit 25. Idan kana ɗaukar goma a daƙiƙa, megabayit 250 ke nan. Dole rumbun ya cika, saurin da kati ke kwashewa shi ke nuna tsawon jiran da za ka yi.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne babbar lambar da ke gaban kati, irin su 170MB/s ko 200MB/s. Wannan yawanci saurin karantawa ne, wato lokacin da kake kwashe hotuna zuwa kwamfuta. Abin da ya dame ka shi ne saurin rubutawa. Nemi harafin V: V30 na nufin ba zai gaza megabayit 30 a daƙiƙa ba, haka V60 da V90. Lamba 10 ɗin nan da ke cikin da'ira megabayit 10 kawai ta lamunce maka, A1 da A2 kuwa na manhajojin waya ne. Mai ɗaukar dawaki ko ƙwallo da RAW, ni a ganina ya fara daga V60.

Amma kafin ka zuba kuɗi, juya katin ka duba bayansa. Katin SD nau'in UHS-II yana da layi biyu na ƙarafunan zinare, yana iya kai wa megabayit 312. UHS-I layi ɗaya ne, iyakarsa 104. Idan ramin kyamararka na UHS-I ne, katin V90 zai yi aiki, sai dai da tafiyar UHS-I, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba. Littafin kyamara zai faɗa maka. Akwai kuma wani kati daban mai suna CFexpress: Canon R5 da Nikon Z8 suna karɓar nau'in B, na Sony kuwa nau'in A ne, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya.

Masu rami biyu kuma, idan ka saita kyamara ta ajiye kowane hoto a katuna biyu, mai nawan cikinsu shi zai ja ragama. Ka sa su daidai da juna.

Sai jabu, wanda ya fi ba ni haushi. Kwalin SanDisk ne tsaf, an rubuta 128GB, farashi kuma rabin na kowa. Na ga wanda ya ɗauki kamun amarya da irinsa, ya koma gida rabin hotunan sun ƙi buɗewa. Sabon kati, ka fara gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta. Za ta cika shi taf, ta nuna maka ainihin girmansa da saurinsa. Bayan nan ka yi masa fomat, wato ka goge shi tas, a cikin kyamarar da za ka yi aiki da ita, kuma muddin jar fitilar nan na ƙyaftawa kada ka zare shi.