Kurakuran da masu haɗa manhaja suke yi wajen zaɓen antibayiros, da yadda za a gyara su

Kwamfutar mai haɗa manhaja ta bambanta da ta sauran ma'aikata ta fuskoki biyu. Na farko, a cikinta ake ajiye mabuɗan shiga sabobin abokan ciniki, da kalmomin sirri na rumbunan bayanai, da mabuɗan tsarin biyan kuɗi. Na biyu, aikin mai ita ya tilasta masa sauke rubutun manhaja da wasu mutane da bai san su ba suka yi, ya kuma kunna shi kusan kowace rana. A nan Kaduna, ɗaliban Kaduna Polytechnic da na Jami'ar Jihar Kaduna da suke koyon wannan sana'a, da matasan da suke yi wa kamfanoni aiki daga ɗakunansu a Barnawa ko Unguwar Rimi ko Tudun Wada, mafi yawansu laftof guda ɗaya gare su, kuma a kanta suke yin aikin abokin ciniki da karatu da harkar banki. Saboda haka antibayiros (manhajar kare kwamfuta daga miyagun manhajoji) da ya dace da irin wannan kwamfuta shi ne wanda mai ita zai iya bari a kunne yayin da yake aiki, kuma ya san iyakar abin da yake iya gani. Yawancin kurakuran da ke biye daga rashin kula da waɗannan abubuwa biyu suke tasowa.

Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne tun ranar sayen kwamfuta. Mutum zai sayi laftof ta hannu, ya bar wa mai shago ya zuba masa manhajoji, a ciki har da antibayiros na kuɗi wanda aka fasa makullinsa. Kayan fasa makulli, ko na antibayiros ne ko na Windows ko na Office, kusan dukkansu sharaɗinsu na farko shi ne a kashe kariyar kwamfuta kafin a kunna su, sannan a ba su cikakken iko a kanta. Wanda ya yi haka ba shi da wata hanya ta sanin abin da ya shiga tare da su. Haka abin yake ga kayan aikin sana'ar da ake kwafa daga filas ɗin aboki don tsimin data. A shekarar 2015, masu haɗa manhaja da yawa a ƙasar Sin sun sauke Xcode, kayan aikin Apple na gina manhaja, daga wuraren da ba na Apple ba saboda saukewa daga asalin wurin tana da jinkiri, ashe an cusa wa kwafin mugun rubutu, kuma duk manhajar da aka gina da shi ta ɗauki cutar har cikin App Store. Wannan shi ne abin da aka sani da XcodeGhost, kuma dalilin da ya jefa su ciki, wato wahalar saukewa, shi ne dai yake damun mu. Gyaran shi ne a goge kwamfutar gaba ɗaya, a sa Windows da aka sauke daga shafin Microsoft, sannan a ɗauko kowane kayan aiki daga wurin masu shi, ko da hakan zai sa a jira dare ko a je inda ake da intanet mai ƙarfi.

Daga nan sai raina Microsoft Defender don kawai kyauta ne. Yana zuwa a cikin Windows 10 da Windows 11, yana sabunta kansa, kuma ba ya ƙarewa. A ganina, ga mai aiki shi kaɗai, da shi ya kamata a fara, kuma kada a bar shi sai da dalilin da za a iya faɗa. Wanda yake son kwatantawa ya duba sakamakon cibiyoyin gwaji masu zaman kansu, kamar AV-TEST da ke Jamus da AV-Comparatives da ke Ostiriya, maimakon jerin “goma mafi kyau” da ake tallatawa, waɗanda sau da yawa masu su suna samun la'ada idan an saya ta hanyarsu. AV-TEST tana ba da maki a fannoni uku: kariya, da nauyi a kan kwamfuta, da sauƙin amfani wanda ya haɗa da yawan ƙararrawar ƙarya. Manyan sunaye sukan yi kusa da juna a fanni na farko, don haka mai haɗa manhaja ya fi mayar da hankali kan na biyu da na uku, domin su ne za su sa shi kashe kariyar wata rana cikin fushi. Sa antibayiros biyu su yi gadi a lokaci guda kuwa ba ya ƙara tsaro, jinkiri da rikici kawai yake kawowa, shi ya sa ma Defender yake janyewa da kansa idan an sa wani.

Batun jinkiri ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne ƙwararru ma suke kuskure. Antibayiros yana duba kowane fayil a lokacin da ake buɗe shi ko rubuta shi. Mai rubuta wasiƙa ba zai ji nauyin wannan ba, amma umarnin npm install guda ɗaya, wanda yake sauko da ƙunshe-ƙunshen rubutun manhaja da wasu suka yi, yana iya zuba dubban ƙananan fayiloli a cikin foldar node_modules, kuma kayan gini na Gradle yana yin irin haka duk lokacin da ake gina manhajar Android. Abin ya zama kamar mai gadi da yake caje maigida duk sanda ya tsallaka daga ɗaki zuwa ɗaki. A kan tsohuwar laftof mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, kuma ga batir yana ƙarewa an ɗauke wuta, ba abin mamaki ba ne mutum ya kashe kariyar da niyyar zai kunna bayan ya gama, sannan ya manta. Wasu kuma sai su keɓe dukan faifan C, ko foldar Downloads, ko duk fayil mai ƙarewa da exe, wanda hakan daidai yake da kashewa, sai dai alamar kariyar tana nan kore tana yaudarar mai kwamfutar.

Hanyar da ta dace ita ce a fara aunawa kafin a keɓe komai. Defender yana da kayan auna nauyinsa a cikin PowerShell, wurin rubuta umarni na Windows: a kunna New-MpPerformanceRecording, a gina manhajar kamar yadda aka saba, sannan Get-MpPerformanceReport ya nuna fayiloli da foldojin da suka fi cin lokaci. Idan lallai sai an keɓe, a keɓe ƙaramin wuri, kamar foldar da ake zuba sakamakon gini da ma'ajiyar wucin gadi ta Gradle, kuma kada a riƙa sauke komai daga burawuza zuwa cikinta. Wanda yake da Windows 11 yana da mafita da ta fi wannan. A shekarar 2023 Microsoft ta fito da Dev Drive, wani sashe na faifai da ake warewa don aikin gini, wanda yake buƙatar aƙalla gigabayit 50. A kansa Defender ba ya tsayar da aiki har sai ya gama dubawa, sai dai ya bar fayil ya buɗe, ya duba shi daga baya. Fifikonsa a kan keɓewa shi ne dubawar tana nan, kuma wannan yana da muhimmanci domin node_modules, foldar da aka fi ɗokin keɓewa, ita ce ainihin inda rubutun baƙi yake sauka.

Wani abin da yake ɓata wa masu sana'ar rai shi ne antibayiros ya kama manhajar da suka rubuta da hannunsu. Wannan yana yawan faruwa da fayilolin da aka ƙunshe da PyInstaller, kayan mayar da rubutun harshen Python zuwa manhaja, da kuma wasu da aka gina da harshen Go, saboda sababbi ne, ba su da sa hannu, kuma masu mugun nufi ma suna amfani da waɗannan kayan. Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko shi ne a ce wa abokin ciniki, misali mai makaranta ko mai kantin magani, ya kashe antibayiros ɗinsa kafin ya sa manhajar. Wannan koya masa mummunar ɗabi'a ce da wani zai ci moriyarta gobe. Abin yi shi ne a aika fayil ɗin ga kamfanin antibayiros ta shafinsu na ƙorafin kamun kuskure, idan kuma ana rarraba manhajar ga mutane da yawa, a nemi takardar shaidar sa hannu. Na biyu shi ne ɗora aikin abokin ciniki a kan VirusTotal, shafin da yake duba fayil da antibayiros iri-iri, don a ga ko nawa ne suka kama shi. Shafin, wanda Google ta saya a 2012, yana raba fayilolin da aka ɗora ga kamfanonin tsaro, kuma masu biyan kuɗi suna iya sauke su. Idan akwai mabuɗi ko bayanan mutane a cikin fayil ɗin, to sun fita daga hannu, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai sarrafa bayanan jama'a.

Akwai kuma antibayiros da suke leƙa zirga-zirgar intanet da aka rufe da HTTPS ta hanyar sa tasu takardar shaida a tsakani. Sakamakon haka kayan sauke rubutu irin su git da pip da npm sukan ƙi aiki, su ce ba su yarda da takardar ba. Amsar da aka fi kwafa ita ce a kashe tantancewar, a mayar da http.sslVerify ko strict-ssl zuwa false, sai matsalar ta ɓace, tare da ita kuma tabbacin cewa abin da ake saukewa daga asalin wurinsa ya fito. Daidai shi ne a kashe wannan leƙen a cikin saitin antibayiros ɗin, ko a shigar da takardarsa cikin waɗanda kayan aikin suka amince da su.

Kuskure mafi haɗari, a nawa hukuncin, shi ne ɗauka cewa antibayiros zai tare mugun ƙunshi, wato rubutun wani da ake saukewa a haɗa cikin manhaja. A 2018, mai kula da ƙunshin event-stream na npm ya miƙa shi ga wani baƙo da ya ce zai taimaka, baƙon kuwa ya ƙara masa rubutun da aka shirya don satar kuɗi daga manhajar ajiyar Bitcoin mai suna Copay, kuma ya ɗauki makonni ana saukewa kafin a gano. A watan Maris na 2024, ƙofar baya da aka dasa a cikin xz Utils, kayan matse fayiloli na Linux, ta tonu ne saboda wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkiri na kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Wannan ya isa amsa ga masu cewa Linux ko Mac ba sa kamuwa. Abin da ya fi kusa da matasanmu masu neman aiki daga ƙetare shi ne ganawar aiki ta bogi: a tuntuɓi mutum ta LinkedIn, a ba shi aikin gwaji, a ce ya sauke ya kunna, alhali a ciki akwai rubutun da yake kwashe kalmomin sirri na burawuza da mabuɗan asusun kirifto. Masu binciken Palo Alto Networks sun bayyana irin wannan kamfe a 2023, suka danganta shi da Koriya ta Arewa. A idon antibayiros, Node ne, wato sanannen kayan kunna rubutun JavaScript, yake gudanar da rubutun da mai kwamfutar ya umarta da kansa.

Maganin wannan yana cikin ɗabi'ar aiki. Duk aikin da ya zo daga wanda ba a sani ba a buɗe shi cikin kwamfutar kwaikwayo, kamar VirtualBox ko Windows Sandbox da ke cikin nau'in Pro, inda babu mabuɗi ko ɗaya. A karanta package.json, fayil ɗin da yake lissafa ƙunshe-ƙunshe da umarnin aikin, kafin a kunna komai, a yi amfani da zaɓin ignore-scripts don hana rubutun da yake tashi da kansa lokacin shigarwa, a duba harafin sunan ƙunshi da kyau domin ana yin na jabu masu kama da na gaske. A sa wa mabuɗin SSH kalmar sirri, a kunna tantancewa mai mataki biyu a GitHub da imel, a kuma daina yin aikin yau da kullum da asusun da yake da cikakken iko.

Wanda ya yanke shawarar sayen na kuɗi ya dubi kamfanin kansa, domin antibayiros yana ganin komai a cikin kwamfuta. A 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani suke ziyarta ta hannun reshensa Jumpshot. A 2024 ɗin kuma Amurka ta haramta sayar da Kaspersky a ƙasarta. Haramcin bai shafi Najeriya ba, amma mai yi wa kamfanin Amurka aiki ya tambaye su kafin ya sa shi. A kuma lissafa kuɗin sabuntawa na shekara ta biyu, wanda yakan fi na farko tsada, kuma sau da yawa da dala ake biya. Idan wa'adin ya ƙare ba za a sabunta ba, a cire manhajar gaba ɗaya da kayan cirewa na kamfanin, a tabbatar Defender ya dawo bakin aiki.

Saura batun sabuntawa. Da yawa suna saita layin intanet ɗinsu a matsayin mai awo don kada Windows ta cinye data, kuma wannan yana dakatar da sabuntawa da dama ba tare da an lura ba. A riƙa buɗe Windows Security ana duba ranar da bayanan kariya suka sabunta na ƙarshe. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma babu antibayiros da yake toshe ramin da ke cikin tsarin kwamfutar kansa, don haka tsohuwar laftof da ba ta iya ɗaukar Windows 11 gara a mayar da ita kan Linux da ake ci gaba da sabuntawa, kamar Ubuntu. Bayan kowane canjin saiti, a gwada kariyar da fayil ɗin EICAR, wani gajeren rubutu mai haruffa 68 marar illa da kamfanonin antibayiros suka amince su riƙa kamawa kamar cuta. A ajiye shi a Downloads, sannan a cikin foldar aiki. Idan an kama shi a wuri na farko amma ba a kama shi a na biyu ba, to foldar aikin tana cikin wuraren da aka keɓe, sai a koma jerin a rage shi.