Yadda ake gwada zoɓorodo a kan hawan jini a jikin ɓeraye

Masu hawan jini da yawa a Katsina suna shan zoɓorodo da zogale da tafarnuwa, amma sai an gwada a jikin dabba ake sanin ƙarfin tsiro da kashin da ya dace. Kafin a taɓa ɓera ko ɗaya, a nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a.

A fara da tantance tsiron. A kai samfuri wurin masanin tsirrai, kamar na ɗakin adana tsirrai da ke Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a karɓi lambar shaida. A shanya a inuwa, a rufa da yadi mara kauri saboda ƙurar hunturu, domin rana tana kashe sinadaran da ke ba zoɓorodo jan launinsa. Idan ya bushe a niƙa. A jiƙa giram 500 na garin a lita 2.5 ta etanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari na awa 72, ana girgizawa. A tace, a ƙafar da ruwan a zafin da bai wuce digiri 45 ba, a auna abin da ya rage, a sa a firji.

Gwajin guba ya biyo baya: a ba ɓeraye kaɗan miligiram 2000 na abin da aka tato daga tsiron a kowane kilon nauyi, a sa musu ido kwana 14.

Sai jawo hawan jinin. Ana amfani da ɓerayen gwaji nau'in Wistar maza masu nauyin giram 150 zuwa 200, a ba su sinadarin L-NAME miligiram 40 a kowane kilo kullum na mako huɗu. Sinadarin yana hana jijiyoyin jini sakewa, jini ya hau daga wajen 120 zuwa sama da 150. A nan ne yanayinmu ke ɓata aiki. Da yawa suna zuba shi a ruwan sha, alhali a bazarar Katsina, daga Maris zuwa Mayu, ɓera yana shan ruwa fiye da ƙima, sai ya sha maganin da ya wuce lissafi. Gara a ɗura ta bututun baki, mililita ɗaya a kowane giram 100 na nauyi. Ɗakin kuma ya tsaya tsakanin digiri 22 da 25. Wanda ba shi da tabbacin wuta ya jira sanyi.

A raba su rukuni shida ta hanyar ƙuri'a, shida-shida: masu lafiya, masu hawan jini da ba a ba magani ba, masu shan captopril (maganin hawan jini na asibiti), sai uku masu shan tsiron miligiram 100 da 200 da 400 a kowane kilo.

Awon hawan jinin shi ne ƙashin bayan aikin. Ana sa ɓera a bututun riƙewa, a zura zoben awo a gindin wutsiya. Ɓeran da ya firgita jininsa hawa yake yi nan take, don haka a saba masa da bututun kwana biyar zuwa bakwai kafin a rubuta komai. A ɗumama shi minti 10 a digiri 32 zuwa 35 don jini ya gudana a wutsiya. Wutsiya mai sanyi ba ta ba da bugu, zafi da yawa kuma yana galabaitar da dabba. A auna a lokaci ɗaya kowace safiya, a ɗaki mara hayaniya, a jefar da awon farko, a ɗauki matsakaicin biyar. Ya fi kyau mai awon kada ya san rukunin da ke hannunsa.

A ƙarshe a sa musu maganin barci, a ɗebi jini a duba ƙoda da hanta. Tsiron da ya saukar da jini amma ya taɓa ƙoda bai ci gwajin ba. Ko ya ci, sakamakon ɓera bai isa a ce wa mara lafiya ya ajiye maganin asibiti ba, sai an yi gwaji a jikin mutane.