Yadda za ka gane bayan wata nawa mai ciwon ƙoda zai riƙa komawa wurin likita

Kawuna da ke Gwadabawa ya yi wata goma sha ɗaya bai leƙa asibiti ba bayan an gaya masa ƙodarsa ta fara rauni. In ka yi masa magana sai ya ce "ɗana mi za ni yi can, babu abin da ka min ciwo". Kuma gaskiyarsa ce, babu inda ke masa ciwo, yana zuwa gona yana zuwa kasuwar Illela abinsa. Ranar da muka ɗauko shi zuwa Sakkwato ƙafa ta kumbura ko silifa ba ta shiga, lambar ƙodarsa da aka bari a 41 ta sauko 23. Ni ba likita ba ne, ɗan rakiya ne kawai da ya shekara uku yana riƙe fayil yana bin layi, amma abin da na koya a nan shi ne ƙoda ba ta kuka da wuri, saboda haka ba jiki ake tambaya yaushe za a koma ba, takardar gwaji ake tambaya. Ga yadda ake bi.

Abu na farko, ka nemi lambarka. In an ɗebi jini ana auna wani abu da ake ce wa kiriyatinin, daga shi ne ake lissafa eGFR, wato ƙarfin tacewar da ya rage wa ƙoda. Wasu dakunan gwajin suna rubuta shi a takarda, wasu kuma kiriyatinin kawai za su sa, to kar ka ji kunya, ka ce likita don Allah eGFR ɗina nawa ne, wane mataki nake? Minti ɗaya zai lissafa maka a wayarsa. Matakan biyar ne: 90 zuwa sama mataki na 1, 60 zuwa 89 na 2 (waɗannan biyun sai in akwai wata alamar lalacewar ƙoda, kamar furotin a fitsari), 30 zuwa 59 na 3 (shi kuma an raba shi biyu, 45 zuwa 59 da 30 zuwa 44), 15 zuwa 29 na 4, ƙasa da 15 na 5. Sannan ba a cewa ciwon ya zama na dindindin sai matsalar ta wuce wata uku, shi ya sa in gwajin farko ne za su ce ka dawo a sake, ba cin kuɗi ba ne.

Abu na biyu shi ne fitsari, kuma wallahi nan ne mutane ke sakaci don suna ganin gwajin jini shi ne babba. Ƙoda mai lafiya ba ta barin furotin ya zube cikin fitsari, in ta fara yoyo sai ka ga kumfa kamar an zuba omo a bokiti. Gwajin da ake kira ACR shi ke nuna yawansa, in a ma'aunin mg/g aka rubuta shi, ƙasa da 30 babu laifi, 30 zuwa 300 an fara yoyo, sama da 300 yoyon ya yi yawa. Mutum biyu za su iya zama lambar jininsu ɗaya, amma wanda furotin ɗinsa ya fi yawa ƙodarsa ta fi saurin lalacewa, dole shi ya fi yawan zuwa.

Na uku, sai ka haɗa biyun ka ga inda ka faɗa. Tsarin da ƙungiyar KDIGO ta fitar wanda likitocin ƙoda ke bi kusan ko'ina a duniya, a taƙaice haka yake: mai mataki na 1 ko na 2 da furotin ɗinsa bai yi yawa ba, sau ɗaya a shekara ya isa a duba ƙodar, in furotin ya haura 300 sai ya zama sau biyu ko uku. Mai mataki na 3 sau ɗaya zuwa uku a shekara, yawanci dai za ka ji an ce bayan wata shida, in lambar ta yi ƙasa da 45 kuma akwai yoyo, ko yoyon ya yi yawa, a dawo da shi wata huɗu. Mataki na 4 bayan kowane wata uku ko huɗu. Mataki na 5 kuwa aƙalla sau huɗu a shekara, kuma a aikace da yawa duk wata ake ganinsu. Wanda ya fara wankin ƙoda shi lissafinsa daban, ƙa'ida sau uku a mako ne, kamar awa huɗu kowane zama, duk da mun san yadda aljihu ke sa mutane a nan su koma sau biyu ko ma ɗaya.

Wannan fa mafi ƙaranci ne. In likitanka ya ce wata biyu alhali tsarin ya ce shida, bi likitanka, shi ya ga fayil ɗin. Kuma mai hawan jini ko ciwon suga yana da nasa ranakun na waɗancan ciwukan, kar ya ce ai an ce sai shekara.

Abu na huɗu shi na fi so a riƙe, wato abubuwan da ke rushe ranar da aka ba ka. In an sa maka sabon maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan, ko an ƙara maka yawansa, ana son a sake duba kiriyatinin da fotasiyam (wani sinadari ne da ke cikin jini) cikin mako biyu zuwa huɗu. Magungunan nan suna kare ƙoda sosai amma suna iya ɗaga fotasiyam, shi kuma fotasiyam in ya hau ba ya sallama, zuciya yake taɓawa. In ka yi amai da gudawa na kwana biyu, ko zazzabin da ya hana ka ci da sha, kar ka jira, in ruwan jiki ya ƙare ƙodar da dama lallaɓawa take za ta iya faɗuwa lokaci guda. Ga zafin garin nan, wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu da Mayu ya san rana tana wuce digiri 40 kamar wasa. Sai azumi, ka nemi ganin likita tun watan Rajab ko farkon Sha'aban a duba ko za ka iya da kuma yadda za a juya lokutan magani, ba sai ka kai goma ka galabaita ba. Mace in ta samu ciki ko tana shirin samu ita ma ta je da wuri, don lisinopril da losartan ba a shansu da juna biyu.

Akwai kuma waɗanda ba a kwana da su a gida: numfashi yana sarƙewa musamman in an kwanta, fitsari ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke, kumburin fuska da ƙafa ya ƙaru cikin kwana kaɗan, amai ba tsayawa, shaƙuwa ta ƙi tafiya, mutum ya fara ruɗewa ko barci mai nauyi. Wannan sai sashen gaggawa, ko na asibitin koyarwa na UDUTH ko asibitin Specialist da ke Sakkwato ko wanda ya fi kusa da ku.

Na biyar, shirin ranar kanta. Ka yi gwaje-gwajen kwana biyu ko uku kafin ranar kilinik ka zo da sakamakon a hannu, in ba haka ba za ka bi layi tun asuba a ce maka je ka yi gwaji ka dawo mako mai zuwa, mun sha wannan da Kawu, kuɗin mota daga Gwadabawa ya tafi a banza. Bayan kiriyatinin da fitsari, daga mataki na 3 za su riƙa duba PCV, wato awon yawan jini, don ciwon ƙoda yana jawo ƙarancin jini, da kalsiyam da fosfet saboda ƙashi. Sannan ka zuba duk magungunan da ake sha cikin leda ɗaya ka zo da su, duka fa, har wanda aka saya a kemis da na gargajiya. A ledar Kawu muka tsinci diclofenac da wani mai kemis ke ba shi duk yamma don ciwon gwiwa, da wata gora ta jiƙon saiwoyi da aka ce tana "wanke ƙoda". Likitar ta ɗaga su ta ce "Baba, waɗannan su ne suka ci maka rabin abin da ya rage". Diclofenac da ibuprofen da piroxicam duk gida ɗaya ne, mai ciwon ƙoda ya nisance su. Ko metformin na masu suga ana rage shi in eGFR ya yi ƙasa da 45, a daina in ya yi ƙasa da 30, to wanda bai zuwa a auna ta ina zai san lokacin ya yi?

Na ƙarshe, ka sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta. Duk zuwa ka rubuta kwanan wata, eGFR, furotin, awon BP da nauyi. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai sosai, jerin su ne ke nuna inda aka dosa, in tana sauka fiye da 5 a shekara ana ɗaukar hakan sauri ne, za a matso da ranakunka. In akwai na'urar awon BP a gida a riƙa aunawa ana rubutawa, yawanci ana son ya zauna ƙasa da 130 bisa 80, a kuma rage gishiri da magi, gishirin yini gaba ɗaya kar ya wuce ƙaramin cokali. Kafin ka fita ɗakin likita ka tabbata an rubuta ranar dawowa a kati, ka sa ta a waya, ka kuma gaya wa mutum ɗaya a gida wanda ba ya mantuwa. Mu Inna muka ɗora wa wannan aikin, ta ɗaure katin da zare a jikin ƙusar da take rataye carbinta. Yanzu Kawu duk wata uku yake zuwa, zuwan da ya wuce lambar tana 22.