Kurakuran da ke sauƙaƙa wa ɓarawo shiga gida a Sakkwato

Mafi yawanmu a kan ƙofar gaba muke kashe kuɗi. A sa ƙaton get na ƙarfe, a rataya kwaɗo mai tsada, shi ke nan hankali ya kwanta. Ɓarawo kuwa ba ruwansa da get, bayan gida yake zagayawa. A sababbin unguwanni irin su Arkilla da Bado, inda kangwaye suka yi yawa, sai ka ga tarin bulo ko yashi jingine da katanga, ko reshen dogonyaro ya leƙo har tsakar gida. Ka zagaya gidanka da rana ka duba inda mutum zai iya takawa ya hau. A kwashe bulon, a sare reshen, a shigar da tsani ɗaki. In kangon maƙwabci ne, a yi masa magana cikin mutunci, ko a bi ta wurin mai unguwa.

Kwaɗon ma, ƙarfinsa bai wuce na kunnen da aka rataye shi ba. In kusa ce ta riƙe kunnen, ɗan ƙarfe ya isa ya ɓalle shi. Kira mai walda ya ɗaure shi da kyau, a ƙara sakata ta ciki sama da ƙasa. Ajiye makulli ƙarƙashin turmi ko saman ƙofa kuwa, kowa ya san wannan maɓoyar.

Lokacin zafi ne ya fi tayar da hankali. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, ba mai iya kwana a ɗaki in babu wuta. Sai iyali su baje a tsakar gida, ɗakuna a buɗe, wayoyi a gefen tabarma, babur a zaure ba sarƙa. Ba laifi ba ne a sha iska, amma a kulle ɗakuna tukuna, wayoyi su kwana ciki, babur a ɗaure shi da abin da ba ya ɗaguwa. Batirin sola da janareta a yi musu keji na ƙarfe. Fitilar sola mai kunna kanta in ta ga motsi ta fi amfani a lungun baya, inda duhu yake.

Sai kuma baki. Da ɗan gari akan ci gari: sau da yawa wanda ya shigo ya riga ya san inda akwati yake. Mun tafi Umara, mun tafi biki Argungu, duk an ɗora a WhatsApp da Facebook tun ana hanya. A bari sai an dawo. Wanda ya kamata ya sani shi ne maƙwabci amintacce da 'yan sintirin unguwa. Ranar Idi ma kada gida ya zama wayam, musamman da Babbar Sallah da raguna ke ɗaure.

In an riga an shigo, kada ka fito da adda kai kaɗai, ba ka san abin da ke hannun ɓarawon ba. Kulle kanka da iyali, kira maƙwabta, kira lambar gaggawa 112. In an kama shi a miƙa shi ga 'yan sanda, domin dukan taron jama'a ya sha halaka marar laifi. Tun yau danna *#06# a wayarka, ka rubuta lambar IMEI da za ta fito, wato lambar shaidar wayar, a takarda, ka haɗa da takardun babur ka adana. In an sace waya ko babur, za su yi maka amfani a ofishin 'yan sanda.