Yadda ake koyon Revit daga littafi

Revit manhaja ce ta zana gine-gine a kwamfuta. Kafin ka buɗe littafin, duba shekarar da ke bangonsa. In na Revit 2022 ne, ka sa 2022 a kwamfutarka, domin fayil da aka ajiye da sabon zubi ba ya buɗuwa a tsoho. Manhajar a Windows kawai take aiki, kuma tana son RAM giga 16. Ɗalibai, irin na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, suna iya neman lasisin karatu na shekara guda kyauta daga Autodesk, kamfanin da ya yi manhajar.

Harshe ma a kula: littafin Turanci da manhajar Faransanci wahala ce, sunayen maɓallai ba su haɗuwa. Littattafan Amurka kuwa da ƙafa da inci suke awo, sai ka zaɓi samfurin mita tun farko.

Kada ka fara da zana bango. Fara da matakan tsawo: daɓe a sifili, rufi a mita 3. Ka ɗaure kan kowane bango da matakin rufi, in ba haka ba ranar da mai gida ya ce a ƙara tsawo, ɗaya bayan ɗaya za ka bi su. Bangon ginin da ke cikin littafin ba irin namu ba ne, na katako ne ko mai abin kare sanyi. Kwafi nau'insa, ka sake masa suna, ka sa bulo santimita 15 da filasta 1,5 kowane gefe. Ƙofa da taga sai a jikin bango suke zama. Ka goge bangon, sun tafi.

In ka gama babi, rufe littafin, ɗauki mita ka auna wani zaure a unguwar Birni ko Zango, ka zana shi da kanka. Riƙa ajiye aiki akai-akai saboda ɗaukewar wuta.