Yadda Ake Fahimtar Mulhidi da Yadda Ake Tattaunawa da Shi

Malamin makaranta a Sakkwato, ko uba, ko yaya a cikin gida, yana iya wayar gari ya ji ɗalibinsa ko ƙaninsa ya furta wata magana da ya tsinto a intanet, wadda take nuna shakka game da samuwar Allah. Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne a daka masa tsawa, ko kuma a kau da kai kamar ba a ji ba, alhali kuwa akwai matakan da suka fi waɗannan amfani ga wanda yake son ya gane abin da ke gabansa.

Matakin farko shi ne ka tantance ainihin abin da mutumin yake faɗa, domin ana yawan tara masu ra'ayoyi mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya. Mulhidi shi ne wanda bai yarda akwai wani abin bauta da ya halicci duniya ba, kuma mulhidan kansu sun kasu gida biyu: akwai mai cewa ya tabbata babu Allah, akwai kuma mai cewa shi dai hujjojin da aka kawo masa ba su gamsar da shi ba, saboda haka bai yi imani ba. Ban da waɗannan akwai mai ganin cewa ɗan Adam ba shi da hanyar sanin gaskiyar al'amarin, ra'ayin da masanin halittu na Ingila, Thomas Huxley, ya raɗa wa suna a 1869, sannan akwai wanda ya yarda da Mahalicci amma ya ƙi wahayi da annabci. Masanin falsafar nan Antony Flew, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana kare ilhadi, ya bayyana a 2004 cewa ya koma ya yarda akwai Mahalicci, amma duk da haka bai shiga wani addini ba. Idan ka kafa wa mai ra'ayi irin nasa hujjar samuwar Mahalicci, ka amsa tambayar da bai yi ba.

A nan wajenmu, wanda ya fi buƙatar a rarrabe shi da dukkan waɗannan shi ne mai waswasi. Matashin da ya zauna kusa da kai bayan sallar isha'i, yana murza yatsunsa, ya ce, "Yaya, wata tambaya ce take damuna, amma ina jin tsoron faɗinta," sau da yawa ba mulhidi ba ne ko kaɗan. Ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kukan cewa suna jin abin da suke ganin girman furta shi a zukatansu, sai ya shaida musu cewa wannan shi ne tsantsar imani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi rubuce-rubuce da dama yana sukar malaman zamaninsa da suke kafirta talakawa don kawai ba su iya kafa hujjojin ilimin kalami, wato ilimin kare aƙida da hujjojin hankali, ba, kuma wanda ya tashi a garin Shehu bai kamata ya zama mai gaggawar laƙaba wa mutum suna ba.

Mataki na gaba shi ne ka fahimci dalilin da ya sa wanda bai yi imani ba yake yawan maganar Allah, domin mutane da dama suna ɗaukar hakan a matsayin shaidar cewa a ɓoye ya yarda. Su mulhidan ba haka suke bayyana abin ba. Suna cewa imanin mutane abu ne da yake nan a fili, yana tsara aure da gado da tarbiyya da dokokin da ake yi musu hukunci da su, don haka ko da ba su yarda da abin da aka yi imani da shi ba, sakamakon imanin yana riskarsu a gida da makaranta da kotu. Da yawa daga cikinsu kuma a gidan addini suka tashi, sun yi shekaru suna ibada, kuma mutum ba ya daina maganar abin da ya gina ƙuruciyarsa a rana ɗaya. Dalili na uku shi ne, tambayar asalin duniya tambaya ce ta hankali da ta shafi kowa, kuma tsohuwa ce ƙwarai: a Indiya ta dā an yi mazhabar Carvaka da ta ƙi yarda da lahira, kuma aya ta 24 a Suratul Jasiya ta ambaci masu cewa babu wata rayuwa sai ta duniya, kuma zamani ne kaɗai yake halaka su, waɗanda malamai suka kira Dahriyya.

Daga nan sai ka san hujjojinsu kamar yadda su suke kafa su. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya faɗa a littafinsa al-Munƙizu minad Dalal cewa yin raddi ga mazhaba kafin a fahimce ta jifa ne cikin makanta, kuma sai da ya karanta falsafa sosai kafin ya soke ta. Hujjar da ta fi nauyi a wurin mulhidai ita ce ta wahala: idan Allah mai iko ne a kan komai, mai jin ƙai, don me jariri zai mutu da zazzaɓin cizon sauro? Masanin falsafa David Hume na Sikotilan, wanda ya rasu a 1776, ya tsara wannan tambaya a hanyar da har yau ake maimaitawa. Malaman addini sun amsa ta da batun jarrabawa da zaɓin ɗan Adam da hikimar da ta wuce saninmu, amma ka lura cewa mai yin tambayar yana iya kasancewa ya binne mahaifiyarsa ne a watan jiya, kuma irin wannan mutum ta'aziyya yake buƙata kafin muhawara. Akwai kuma hujjar yawan addinai da saɓaninsu, da hujjar cewa kimiyya ta bayyana abubuwa ba tare da ambaton Mahalicci ba. Game da ta ƙarshen, yana da kyau ka san cewa wanda ya gabatar da ra'ayin faɗaɗuwar sararin samaniya a 1927, Georges Lemaître na Beljiyam, limamin cocin Katolika ne, wato binciken kimiyya shi kaɗai bai raba gardamar ba.

Lokacin zaman kansa, ka fara da tambaya, ka ce masa, "Ƙanina, me ka karanta, kuma wane ɓangare ne ya tsaya maka a rai?" Ka bar shi ya gama, sannan ka maimaita masa hujjarsa da bakinka har sai ya yarda ka fahimce ta. Idan ya kawo abin da ba ka da amsarsa, ka gaya masa za ka bincika, domin amsar da aka ƙirƙira nan take tana rushewa da zarar ya koma wayarsa.

Abu na ƙarshe ya shafi rai, kuma ba a wasa da shi. Rashin imani daban, zagin abin da mutane suke girmamawa daban, kuma sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tabbatar wa kowa 'yancin tunani da addini. Mutanen Sakkwato sun ga yadda saƙon murya a zauren WhatsApp na ɗalibai ya kai ga kisan wata ɗaliba Kirista a watan Mayun 2022, kisan da Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da shi. Saboda haka kada ka ɗauki hoton hirarku, kada ka tura muryarsa ga kowa, kuma ku yi zaman ido da ido a inda babu taron jama'a. Idan ka ga ana buƙatar malami, ka nemi wanda ya karanta tauhidi da manɗiƙi (ilimin kafa hujja ta hankali), wanda kuma aka san shi da riƙe sirri, sannan ka nemi yardar yaron tukuna kafin ka kai shi wurinsa.